Su waye ke zaɓen Fafaroma? Amsoshin tambayoyin da aka yi ta jero mini a Birnin Kebbi

Ni musulmi ne haifaffen Birnin Kebbi, amma dangin mamata 'yan ƙasar Zuru ne, kuma wanda ya san Zuru ya san gida ɗaya sai ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suna cin tuwo kwano guda. Ƙanen mamata katikis ne na Katolika, wato mai koyar da addini a coci, tun ina yaro, a wajensa na fara jin kalmar kadinal. Toh da Fafaroma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilun 2025, 'yan majalisarmu ta wajen mai shayi sai suka mayar da ni kamar wani jakadan Batikan, kowa ya zo da tashi tambayar, wasu na neman sani wasu kuma na tsokana ne kawai. Ga waɗanda suka fi dawowa.

Wai shin mi ne ne kadinal ɗin ma tukuna?

Babban limami ne na ɗarikar Katolika wanda Fafaroma ya ɗaga ya sa cikin 'yan majalisarsa. Kusan dukansu bishop ne, wasu na riƙe da manyan birane kamar Kinshasa ko Manila, wasu kuma suna zaune a birnin Rum suna riƙe da ma'aikatun Batikan kamar dai ministoci. Da jar hula da jan kaya ake gane su, kuma jan nan ba ado ba ne, ranar naɗi ake faɗa musu alama ce ta cewa a shirye suke su ba da jininsu saboda addinin. Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin ƙarfen nan da ƙyauren ƙofa ke juyawa a kai.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba. Fafaroma a asali bishop ne na birnin Rum, kuma a da limaman Rum ne ke zaɓen bishop ɗinsu. Shi ya sa har yau duk wanda aka naɗa kadinal, ko daga ina yake, sai a ba shi wani coci a cikin Rum a ce nasa ne, ya zama a takarda shi ma limamin Rum ne. Kamar dai a naɗa maka sarautar wata unguwa a Argungu alhali kana zaune Legas, sai da salla kake leƙowa.

Wa ke naɗa su? Ƙasashe ne ke turawa?

A'a, kuma nan ne duk maganar take. Babu ƙasar da ke tura wakili, babu kaso, babu karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi. Fafaroma mai ci shi kaɗai ke zaɓar wanda ya ga dama, ba ya neman sa hannun kowa. Ma'ana mutum da hannunsa yake tara waɗanda za su zaɓi magajinsa bayan ba shi. Cikin mutum 135 da suka cancanci ƙuri'a a 2025, Francis ne ya naɗa 108, Benedict na 16 ya naɗa 22, sauran 5 tun zamanin John Paul na biyu suke.

Shi ya sa ni a ganina wanda ya tsaya kallon hayaƙin da ke sanar da sakamakon zaɓe kawai ya makara, rabin zaɓen an yi shi tun shekaru a ranakun da ake rabon jar hula. Francis kuwa ya hargitsa lissafin da aka saba. Manyan birane irin su Milan da Paris da kullum bishop ɗinsu ke samun hula sai ya tsallake su, ya je ya ɗauko na Mongoliya inda 'yan Katolikan ƙasar kaf ba su kai dubu 2 ba, ya ɗauko na Tonga, na Sudan ta Kudu, na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sakamakon haka da aka taru a Rum da yawansu ba su ma san juna ba, sai da aka manna musu suna a ƙirji kamar 'yan taron bita.

Amma fa kar a ɗauka wanda ka naɗa dole ya zaɓi irinka. Waɗanda John Paul da Benedict suka naɗa, masu tsantseni da riƙon tsohon tsari, su ne suka fito da Francis a 2013.

Duk kadinal ne ke jefa ƙuri'a?

Sai wanda bai cika shekara 80 ba a ranar da kujera ta zama babu kowa. Fafaroma Paul na 6 ne ya kawo dokar a 1970, daga baya a 1975 ya ce kar masu zaɓe su wuce 120. Sai dai tunda Fafaroma ne mai dokar, shi ke ƙetare ta in ya so, shi ya sa aka samu 135 a 2025. Biyu ba su shiga ba saboda rashin lafiya, ɗaya daga Sifen ɗaya daga Kenya, aka rage 133, kuma ba a taɓa yin zaɓen Fafaroma da yawan mutane haka ba. Akwai kuma Kadinal Angelo Becciu ɗan Italiya da kotun Batikan ta samu da laifin almundahanar kuɗi a 2023, ya so ya shiga, aka yi ta ja-in-ja har dai daga baya ya janye.

Maganar shekarun nan ta ba ni dariya a wuri ɗaya, don matsalar gida ce. Kadinal Philippe Ouédraogo na Burkina Faso, littafin Batikan ya daɗe yana nuna an haife shi a Janairun 1945, wanda in haka ne ya riga ya cika 80 kenan, sai aka gyara aka mayar da ita 31 ga Disamba na shekarar, ya samu ya shiga. Turawa suka yi ta ƙananan maganganu. Ni kuwa na fahimce shi sarai, mutumin da aka haifa a ƙauye a 1945 wa ya rubuta masa rana? Mu nan nawa ne takardarsu ke cewa 1 ga Janairu?

Tsofaffin da suka haura 80 ba a kore su gaba ɗaya ba. Suna halartar tarukan share fage da ake yi kullum kafin a rufe ƙofa, suna magana, kuma ana saurarensu. Ƙuri'a ce dai babu.

Mu Najeriya mutum nawa gare mu a ciki?

A zaɓen 2025 kadinal 4 gare mu amma ƙuri'a 1 tal. Francis Arinze haihuwar 1932 ne, Anthony Okogie na Legas 1936, John Onaiyekan na Abuja 1944, duk sun haura. Wanda ya shiga shi ne Peter Okpaleke, bishop na Ekwulobia a jihar Anambra, haihuwar 1963.

Labarinsa ma abin a tsaya a ji ne. A 2012 aka naɗa shi bishop na Ahiara a jihar Imo, limamai da jama'ar wurin suka ce ba su yarda ba, su ɗan ƙasarsu Mbaise suke so ba baƙo ba, duk da cewa shi ma Ibo ne kamarsu. Shekara da shekaru bai iya shiga garin ya kama aiki ba, har Francis ya fusata ya umarci limaman kowa ya rubuto takardar neman gafara da biyayya, duk da haka abu ya ƙi, a 2018 mutumin ya ajiye muƙamin. A 2020 aka ba shi sabuwar shiyya ta Ekwulobia, a 2022 kuma Francis ya ɗora masa jar hula ya tsallake manyan bishop na Legas da Abuja. Wanda aka hana kujerar gari ɗaya shi ya je ya jefa wa Najeriya duka ƙuri'a. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Kadinal na farko daga Najeriya kuwa Dominic Ekandem ne, a 1976.

Bishop Kukah fa, ba shi da ƙuri'a?

Wannan tambayar na sha ta fiye da sau goma, saboda shi aka fi sani a nan. Matthew Hassan Kukah bishop ne na Sakkwato tun 2011, mu nan Birnin Kebbi da Gusau duk muna cikin shiyyarsa, su Zuru kuma suna ƙarƙashin Kontagora. Amma bishop daban kadinal daban. Bishop-bishop na Katolika a duniya sun haura dubu 5, masu ƙuri'a ɗari da 'yan kai ne. Suna da yawan fitowa a jarida ba sa ba da hula.

Kenan kamar masu zaɓen sarki ne, ko kamar deliget na zaɓen fid da gwani?

Sun fi kama da masu zaɓen sarki, tunda sarkin da ya gabata ne ya naɗa su kuma ba jama'a suke wakilta ba. Amma akwai bambanci babba guda biyu. Na farko, a masarautunmu ko Gwandu ko Yawuri ko Anka, masu zaɓe sunaye suke miƙawa, gwamna ne mai magana ta ƙarshe, kuma kowa ya san sau nawa abin da aka miƙa daban abin da ya fito daban. A can babu gwamna, da an cika ƙuri'a mutum ya ce ya karɓa shi kenan ya zama Fafaroma a wannan minti. Na biyu, namu masu zaɓen ba sa zaɓar kansu, daga gidan sarauta suke ɗaukowa, su kuwa kadinal-kadinal a tsakaninsu suke fid da mutum, kowa da ke zaune a ɗakin mai zaɓe ne kuma ana iya zaɓensa.

Da can su ma sun sha katsalandan na masu mulki. Sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya suna da'awar suna da ikon cewa wane ba za a zaɓe shi ba. Na ƙarshe da aka yi a 1903 ne, Sarki Franz Joseph na Ostiriya ya aiko ta bakin wani kadinal cewa bai yarda da Kadinal Rampolla ba wanda ke kan gaba. Wanda ya ci zaɓen, Pius na 10, yana hawa ya soke al'adar, ya ce duk kadinal ɗin da ya sake kawo saƙon wani sarki cikin ɗakin zaɓe an fitar da shi daga coci.

Deliget kam kar ma a haɗa, ban da kwana a wuri ɗaya babu abin da ya haɗa su.

Me ya sa ake kulle su?

Sunan taron ma kenan, konklabe, daga Latin, wato da makulli. Kuma wahala ce ta kawo shi ba tsarki ba. Fafaroma Clement na 4 ya rasu a 1268 a garin Viterbo, kadinal-kadinal da ba su fi 20 ba suka rabu gida biyu, masu bin Faransa da masu adawa da su, aka shekara, aka shekara biyu, babu Fafaroma. Mutanen gari suka gaji da ciyar da su, suka garƙame su a cikin fadar, suka mayar da abincinsu burodi da ruwa, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa suka hau suka kware rufin ginin rana da ruwan sama su yi musu nasiha. Sai a 1271, kusan shekara 3, aka fid da mutum, shi ma ba kadinal ba ne kuma yana can ƙasar Falasɗinu lokacin. Shi ne Gregory na 10, kuma da yake ya ga abin da ya faru, a 1274 ya kafa doka cewa daga yanzu a rufe su, in sun daɗe a riƙa rage musu abinci.

Da na ba da labarin nan a majalisa wani dattijo da ke gefe yana shan shayinsa ya ce, yaro, wanga maganin da za a kawo muna shi nan da an huta. Ban ce komai ba.

Yanzu ma burodi da ruwa ake ba su?

A'a. Suna kwana a wani masauki cikin Batikan mai suna Santa Marta, inda Francis ya zauna duk mulkinsa ya ƙi komawa fada, ana dafa musu abinci. Daga nan suke zuwa ɗakin ibada na Sistine, mai zanen Michelangelo a rufi da bango, a ƙafa ko a bas. Abin da aka hana shi ne hulɗa da waje. Babu waya, babu rediyo, babu jarida, babu intanet, ana bincike ɗakunan ko an dasa na'urar naɗar magana, a kunna na'urorin toshe sabis. Masu girki da direbobi da likitoci da masu shara duk sai sun yi rantsuwar rufe baki, wanda ya karya kuma hukuncinsa fita daga coci kai tsaye.

Ranar farko bayan kowane kadinal ya ɗora hannu kan Linjila ya rantse, sai mai kula da tsarin ibada ya ɗaga murya ya ce "Extra omnes", wato kowa ya fita, duk wanda ba mai zaɓe ba ya kama gabansa, a ja ƙyaure. Ba a farawa nan da nan bayan rasuwa, ana jira kwana 15 zuwa 20 don a yi jana'iza da zaman makoki na kwana 9 kuma na nesa su iso. Francis an binne shi 26 ga Afrilu, aka rufe ƙofa 7 ga Mayu.

Yaya ake jefa ƙuri'ar? Dangwale ake yi?

Rubutu ake yi da hannu. Kowa ana ba shi 'yar takarda da aka buga wa kalmomin Latin a sama masu ma'anar na zaɓa a matsayin babban limami, sai ya rubuta suna ɗaya a ƙasa, kuma an so ya sauya rubutunsa yadda ba za a gane hannun ba. Ya ninke ta, ya ɗaga sama kowa na gani, ya taka zuwa gaban bagadi bisa tsarin girma, ya rantse da babbar murya cewa Almasihu ne shaidarsa wanda ya rubuta shi ne yake ganin ya dace a gaban Allah, sannan ya ɗora takardar kan faranti ya zuba ta cikin tukunyar ƙuri'a. Mutum 133 ɗaya bayan ɗaya, galibi tsofaffi masu ciwon gwiwa, ka ga ai dole a daɗe.

Malaman zaɓen ma daga cikinsu ake fiddawa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, mutum 9. Uku masu ƙirga, uku masu kai akwati wa marasa lafiya a masauki, uku masu sake duba lissafi. Da farko a ƙirga takardun ba a buɗe ba, in yawansu bai yi daidai da yawan masu zaɓe ba a ƙone duka a sake. In ya yi daidai, na farko ya buɗe ya rubuta, ya miƙa wa na biyu ya rubuta, na uku ya karanta sunan da ƙarfi kowa na bi da nasa lissafin. Abin da ya fi burge ni shi ne allura da zare. Duk takardar da aka karanta sai a soke ta da allura a zura a zare, a ƙarshe a ɗaure bakin zaren kamar an shirya kifin Yawuri a tsinke, ba mai cire ɗaya ba mai ƙara ɗaya.

Ranar farko ƙuri'a ɗaya ake yi da yamma, daga nan kullum huɗu, biyu da safe biyu da yamma.

Ƙuri'a nawa mutum zai samu ya ci?

Kashi biyu cikin uku. A 2025 kenan 89 cikin 133. Dokar tsohuwa ce, tun 1179 zamanin Alexander na 3, bayan an sha samun mutum biyu kowa na cewa shi ne Fafaroma. Kuma ita ce ta sa wanda ake ta yayatawa a jarida sau da yawa ba ya kai labari, saboda mutum na iya samun ƙuri'a 40 ko 50 a zagayen farko ya tsaya nan cak, in akwai kashi ɗaya cikin uku da suka ƙi shi to ya gama. Wanda ke ci shi ne wanda mafi yawa za su iya haƙuri da shi, ko da ba shi ne na farko a zuciyarsu ba. Italiyawa ma na da karin magana a kai, wai wanda ya shiga a Fafaroma a kadinal yake fitowa. Kafin zaɓen 2025 sunan Pietro Parolin da Luis Tagle na Filifin ne ya cika ko'ina, Robert Prevost kuwa, wanda daga ƙarshe shi ya ci, sai can ƙasa-ƙasa.

In aka yi kwana 3 ba a dace ba sai a huta kwana ɗaya a yi addu'a, a sake zagaye 7, a huta, haka har ƙuri'u su haura 30, sannan a ware biyun da ke kan gaba, su biyun ba sa jefawa, kuma duk da haka sai an cika kashi biyu cikin uku. John Paul na biyu ya taɓa sassauta wannan a 1996, Benedict ya dawo da ita a 2007. A aikace an daɗe ba a kai nan ba. Benedict zagaye na 4 ya ci a 2005, Francis zagaye na 5 a 2013, Prevost da ya zama Leo na 14 kuma zagaye na 4 a 2025.

Hayaƙin nan gaskiya ne ko haɗi ne?

Takardun ƙuri'a ne ake ƙonawa, har da 'yan rubuce-rubucen da kowa ya yi. Baƙi na nufin ba a samu ba, fari an samu. Da can ɗanyen haki suke haɗawa don ya yi baƙi, sai ya riƙa fitowa toka-toka jama'a na gardama a fili, shi ya sa tun 2005 aka ƙara murhu na biyu da ake sa sinadarai. Na baƙin har da farar wuta a ciki, na farin kuma akwai sukarin madara da ƙaron itace. Sannan ana kaɗa manyan ƙararrawa in fari ne don kar a yi musu.

Tsakani da Allah, babu kamfe babu raba kuɗi?

A doka babu. Sayen ƙuri'a, ƙulla yarjejeniya cewa ka zaɓe ni in ba ka muƙami, duk hukuncinsu fita daga coci. Dokar kuma ba a banza aka yi ta ba, zaɓen Alexander na 6 a 1492 har yau ana ba da labarinsa a kan zargin rabon dukiya da muƙamai.

Amma in ana nufin wai ba sa magana da juna, wannan kam ba wanda zai yarda. Ana cin abincin dare tare, ana tambayar wane yaya lafiyarsa, yana jin Italiyanci, ya iya riƙe kuɗi, masu harshe ɗaya na zama wuri ɗaya. Kawu da na tsokane shi na ce Kawu ai wannan siyasa ce tsagwaronta, sai ya ce ɗana, mu mun yarda Ruhu Mai Tsarki ne ke jagora, amma ba mu ce mala'iku ne ke zaune a ɗakin ba. Abin da ba a yi shi ne mutum ya fito ya ce ku zaɓe ni, wanda aka ga yana rawar jiki ma ya kashe kansa. Jawabi ɗaya mai kyau a taron share fage ya fi fosta dubu, Francis ma ɗan gajeren jawabin da ya yi a 2013 ne ya jawo hankali gare shi.

Dole sai kadinal za a zaɓa? Mace fa?

A ƙa'ida duk namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, in ba bishop ba ne a naɗa shi nan take. A aikace rabon da a ɗauko wani daga waje tun Urban na 6 a 1378. Mace babu, ba ta zaɓe ba a zaɓenta, tunda Katolika ba sa naɗa mata limanci.

Baƙar fata zai taɓa zama Fafaroma kuwa?

Babu dokar da ta hana. An ma taɓa yin uku daga arewacin Afirka zamanin daular Rumawa, Victor da Miltiades da Gelasius, na ƙarshen ya rasu a 496. A 2005 an yi ta kiran sunan Arinze, a 2025 kuma Peter Turkson na Gana da Fridolin Ambongo na Kongo da Robert Sarah na Gini. Sai dai a duba lissafi, Afirka 18 gare ta cikin 135, Turai 53, Italiya ita kaɗai 17. Kuma su 18 ɗin ba bakinsu ɗaya ba, ba ƙungiya ba ce. Amma dai ƙofar da ake cewa a rufe take ta daɗe da fara buɗewa, an shekara 455 Italiyawa ne kawai kafin a ɗauko ɗan Folan a 1978, daga shi sai Bajamushe, sai ɗan Ajantina, sai ga Ba'amurke wanda kowa ke cewa ba za a taɓa yi ba.

Da an cika ƙuri'a sai me?

Sai babban cikinsu ya je gabansa ya tambaye shi ko ya karɓa, don yana da ikon ƙi. In ya ce ya karɓa a tambaye shi wane suna zai ɗauka. Daga nan a shiga da shi wani ɗan ɗaki da ake kira ɗakin hawaye, inda aka rataye fararen riguna babba da matsakaiciya da ƙarama tunda tela bai san wa zai ci ba.

Ranar Alhamis 8 ga Mayu ina shagon cajin waya a unguwarmu, zafi kamar a gasa mutum, babu wuta sai ƙarar janareta, wajen ƙarfe 5 da 'yan mintuna agogonmu, wata maƙwabciyarmu 'yar Zuru da ta zo karɓar wayarta ta kunna sai kawai ta saki guɗa, wai fari ne, fari ne. Muka taru kan 'yar wayarta mu shida muna kallon bututun hayaƙi da wasu tsuntsaye na yawo gefensa abinsu. Aka fi awa ɗaya ana jira, ita ta ƙi tafiya gida, data ɗinta ya ƙare mai shago ya kunna mata nashi. Can dab da magariba Kadinal Mamberti ya fito barandar cocin Bitrus ya ce "Habemus Papam", mun yi Fafaroma, ya kira suna da Latin ba wanda ya gane a cikinmu sai da aka rubuta a ƙasa. Robert Prevost, haifaffen Chicago a 1955, wanda ya yi shekaru yana aiki a Peru har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar, ya ɗauki sunan Leo na 14. Maganarsa ta farko ita ce salama ta tabbata gare ku duka, mai shago ya ce au, ashe sallama ya yi, to wa alaikas salam. Kawu ya kira ni daga baya yana ta murna wai mutumin ya san Najeriya, ya sha zuwa lokacin yana shugaban ƙungiyar limamai mabiya Augustine.

Wa'adi nawa yake yi?

Babu wa'adi, sai mutuwa ko murabus. Benedict ya sauka da kansa a Fabrairun 2013, kafin shi rabon da a ga haka tun 1415.

Wanda bai gamsu da sakamako ba zai iya zuwa kotu?

Wace kotun? Shaidar ma an ƙone ta, ita ce hayaƙin da kuka gani. Abin da ya rage takarda ɗaya ce da ake rubuta sakamakon kowane zagaye, a miƙa wa sabon Fafaroma, a sa a ambulan a manne a ajiye a ma'ajiyar Batikan, kuma ba mai buɗe ta sai da izininsa. Alƙaluman da kuke gani a jarida wai wane ya samu kaza, duk daga bakin waɗanda suka ƙi a faɗi sunansu ne. Waɗanda suka sha kaye kuwa tun kafin a buɗe ƙofa suke bin layi ɗaya bayan ɗaya su gaishe shi su yi masa mubaya'a, sannan a fita baranda tare.